Bahagon da Ya Riƙe Igiya

Ni matsoraciya ce, duk wanda ya zauna da ni ya sani. Ko yau idan na ɗauki littafin da aka yi kisa a cikinsa, shafin ƙarshe nake fara buɗewa in ga wanda ya yi, sannan in dawo farko in karanta hankalina kwance. Abokan aikina a lakwal ɗin da nake koyarwa a Tasawa suna yi mini dariya, wai mai rubuta labaran kisa ce amma ba ta iya jure na wasu. Abin da ba su gane ba, idan ni ke rubutawa na san inda mugun yake zaune tun layin farko, ba zai fito mini ta baya ba.

Littattafaina ƙanana ne. A kaye, littafin rubutu irin na ƴan lakwal, nake rubuta su da bik lokacin hutu, in kai Maraɗi a buga, in raba wa masu tebur a kasuwa. A wajenmu littafi ɗaya ba na mutum ɗaya ba ne. Wanda ya saya zai karanta ya ba maƙwabci, maƙwabci ya ba surukinsa da ya zo cin kasuwa daga ƙauye, har bangon ya fita, shafin farko ya bi shi. Waɗanda ba su yi boko ba a karanta musu. A shekarun nan kuma sai mai murya mai daɗi ya karanta littafin gaba ɗaya a cikin waya, a riƙa tura shi daga wannan waya zuwa waccan, mata su jingine ta kusa da turmi suna daka suna saurare. Na daɗe ina jin daɗin haka.

Mai fara saurarena gwaggona ce, yayar mahaifina, wadda ta dawo gidana da zama bayan idanunta sun mutu. Ba ta taɓa riƙe littafi ba, amma ban san wanda ya fi ta iya karatu ba. Ina cikin babi na biyu za ta ɗaga hannu ta ce, "Wancan mai yawan gaisuwa, shi ne." Idan ta canka, sai in soke in sake.

Haka aka yi da labarin rijiya. Wasu ƴan'uwa biyu ne masu yasar rijiya, wan yana shiga, ƙanen yana riƙe igiya. Wata rana igiya ta tsinke, wan ya mutu, kowa ya ce ajali. Daga baya aka gano an ɗan yanke igiyar da wuƙa tun kafin a zura ta. Sau biyu gwaggo tana canka wanda ya yi, sau biyu ina sakewa. A na uku na ɗora laifin kan ƙanen, saboda gonar gado, na kuma mai da shi bahago don karkatar yankan ta tona shi. Wannan karon gwaggo ba ta gano ba sai a babin ƙarshe. Na yi murna ƙwarai, na kai aka buga.

Bayan kamar shekara biyu, wata Laraba cikin bazara, na dawo daga kilas ina zaune a inuwar itacen bedi ina gyaran takardun ɗalibai. Maigidana majo ne, wato malamin jinya, yana can gidan likita. Zafi ya kori kowa daga titi, ko kaza ba ta motsi. Sai na ji sallama a zaure.

Mutum ne da zai yi shekara hamsin, dogo, busasshe, ƙafafunsa fari fat da rairayi. Yana rataye da ƙaramin buhu.

"Nan ne gidan Madam mai littafi?"

Na ce nan ne. Na shimfiɗa masa tabarma a zauren, na kawo ruwa. Ya sha, muka gaisa, na tambayi mutanen gida, ya ce lafiya lau ba tare da ya dube ni ba. Sannan ya jawo buhun ya fara kwance bakinsa. Da hannun hagu yake kwancewa. Ban san dalilin da ya sa na lura ba, amma na lura.

Guntun igiyar kaba ne, tsohuwa, ta yi baƙi, bakinta ɗaya a tsinke. Ya ajiye ta tsakanina da shi.

"Madam, wa ya ba ki labarina?"

Na dubi ƙofa. Yana zaune tsakanina da ita. Ta bayana kuma tsakar gida ce, babu kowa sai tsohuwa makauniya. Na ce, "Malam, wane labari?"

Bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga ma da ya fi mini sauƙi. Ya ce daga wani ƙauye yake, arewa da Kanan Bakashe. Shi da wansa yasar rijiya suke yi duk rani. Shekara tara ke nan igiya ta tsinke da wan a rijiyar garinsu, shi ne yake riƙe da ita. Tun daga nan shi ke noma gonar marigayin, yana kai wa matarsa da ƴaƴansa hatsi. Ba wanda ya taɓa ce masa komai, sai da kaka ta bana, da wani ya shigo garin da labarina a cikin waya.

"Wata biyar ke nan ba wanda ya sa hannu a ƙwarya ɗaya da ni. A masallaci in na tsaya, sai na kusa da ni ya matsa. Matar wana ta mayar mini da damman da na kai mata. Babban ɗanta ya dawo daga Agadas, ba ya amsa gaisuwata, kullum yana zaune ƙofar gidansu yana kallon tawa."

Na ce masa ƙage ne, ban taɓa jin sunan garinsu ba, ban san shi ba, ban san wansa ba.

"Ƙage," ya ce, kamar yana ɗanɗana kalmar. "To. Ranar Asabar da hantsi mai gari zai tara mutane. Ki zo ki faɗi wanda ya ba ki labarin, ko ki faɗi wanga abu da kika faɗa mini."

"In ban samu zuwa ba fa?"

Ya naɗe igiyar ya mayar cikin buhu. "Ai na ga gidan," ya ce, ya miƙe ya fita.

Har yau ban san abin da yake nufi ba. Wataƙila cewa yake zai sake dawowa ya roƙe ni. A ranar dai ba haka na ji shi ba. Na sa sakata, na jingina da ƙofar. Gwaggo ta kira ni daga ɗakinta, ashe duk ta ji. Na tambaye ta, kamar yadda na saba tambayarta a kan mutanen takarda, ko shi ne ya yi.

Ta ce, "Ban ji kisa a muryarsa ba. Amma akwai abin da ya haɗiye."

Washegari na nemi labarin a wayar wata abokiyar aikina, ta kunna mini. Wani mutum ne mai murya mai kauri, ban san shi ba. Ya iya karatu, har ni ya sa tsigar jikina ta tashi. Amma shafin da na rubuta cewa ƙagaggen labari ne bai karanta shi ba, mai yiwuwa littafin da ya samu ba shi da shi. Maimakon haka sai ya buɗe da cewa wannan abu ya faru da gaske a ƙasar Mayahi. Don ya ƙara masa armashi ya faɗa, na tabbata.

Kwana ukun nan ban ci abin kirki ba. Kowace sallama sai gabana ya faɗi. A kilas na rubuta lissafi a allo na tsaya ina kallonsa, na manta yadda ake yi. Abin da ya fi ci mini rai ba mutumin ba ne, kaina ne. Na zauna ina tono ƙwaƙwalwata: ko na taɓa jin wannan mutuwa a bakin wata a gidan suna, ko a mota, ko maigidana ya taɓa ambata ta, na manta, ta kwanta a cikina, daga baya ta fito na ɗauka tawa ce? In haka ne, to me kuma na ji tare da ita? Wataƙila ba ƙage na yi ba. Wataƙila na faɗi gaskiya ban sani ba, kuma wanda na tona ya zauna a zaurena ya sha ruwana.

Maigidana ya ce mu shaida wa jandarma. Na ce idan motar jandarma ta tsaya a ƙofar mutumin nan, ko an sake shi da yamma garin ya gama yanke masa hukunci. Sai ya ce to shi zai kai ni. Na buɗe akwati na fiddo kaye ukun da na rubuta labarin a ciki, ban ma san amfanin da za su yi mini ba, na dai ji ba zan iya zuwa hannu rabbana ba.

Asabar da sassafe muka sha esansi, wato man fetur, muka kama hanya a moto, babur ɗin maigidana. Bayan mun bar babbar hanya sai rairayi, nan da can moto ya nutse mu sauka mu tura. Goriba ko'ina, gonaki tsirara suna jiran ruwa. Dab da garin muka wuce wata rijiya da aka rufe bakinta da ƙaya, ba sawun mutum ko na dabba kusa da ita. Ban tambaya ba.

A ƙarƙashin wani gawo aka taru, ƙofar gidan mai gari. Maza a zaune a ƙasa, mata a bayan danga, ana ganin kallabinsu ta tsakanin kara. Mutumin da ya zo gidana yana zaune shi kaɗai a gefe, an bar fili kewaye da shi. Wani saurayi mai faɗin ƙirji yana tsaye jingine da gawon, ya harɗe hannuwa. Ba sai an faɗa mini ba, na san ɗan marigayin ne.

Mai gari tsoho ne mai sanyin magana. Bayan gaisuwa ya ce, "Madam, ga mu. Ki faɗa mana abin da kika sani."

"Ranka shi daɗe, ban san komai ba. Ni na ƙago labarin a ɗakina."

Aka yi ta gunaguni. Saurayin ya ce, bai ko dubi inda nake ba, "Ƙage ya san su biyu ne? Ƙage ya san akwai gona? Ƙage ya san baffana bahago ne?"

Na miƙa kaye na farko ga daraktan lakwal ɗin garin, wanda aka kira don ya zama shaida, na roƙe shi ya karanta shafukan da aka soke da jan bik. Ya gyara tabarau ya fara. A wannan rubutun na farko, matar marigayin ce ta yanke igiyar.

Sai da ya kai tsakiyar shafi na gane abin da na yi. Kawuna suka fara juyawa wajen danga. Matar marigayin ta ce daga can, a hankali, "Ni?" Saurayin ya sauke hannuwansa ya bar jikin gawon, ya yo taku biyu. Maigidana ya matso har kafaɗarsa ta taɓa tawa. Na zo cire mutum ɗaya daga rami, ga shi na jefa ta biyu.

"Mushe, na biyun," na ce wa darakta. "Don Allah buɗe na biyun."

Ya buɗe. A rubutu na biyu, bayan gwaggo ta gano matar, na ɗora laifin kan mai garin da ke cikin labarin, wai yana son a bar tsohuwar rijiya a haƙa sabuwa a ƙofar gidansa. Darakta ya karanta layi uku ya tsaya, ya dubi mai gari, ya rasa yadda zai yi.

"Ci gaba," in ji tsohon.

Ya ci gaba har ƙarshen shafin. Mai gari ya shafa gemunsa ya ce, "To, ashe har da ni." Wani dattijo a baya ya kasa riƙe dariya, wasu suka taya shi. Ba dariyar daɗi ba ce, amma na samu na ja numfashi. Na yi musu bayanin gwaggona, yadda take canka mai laifi in sake. Na ce da ta canka na ukun ma, da yanzu wani ne daban.

"Hagun fa?" in ji saurayin.

Na karɓi bik daga hannun darakta na rubuta layi ɗaya da hannun hagu, na ɗaga kayen. Na ce ni bahaguwa ce, tun ina ƙarama ake dukan hannun nan a lakwal bai daina ba, a jikina na ɗauko. Saurayin ya dubi hannuna ya daɗe. Bai ce ya yarda ba, amma ya koma ya zauna.

Mai gari ya tambaye ni abin da ba wanda ya taɓa tambayata. "Ɗiyata, mi ya sa kike zama ki ƙago wa mutane mutuwa?"

Duk amsoshin da nake ba ƴan boko, a nan ba su da nauyi. Na ce, "Ranka shi daɗe, ban sani ba." Ya gyaɗa kai. Ya yanke cewa duk mai labarin a wayarsa ya goge, ni kuma in faɗa da bakina a cikin waya cewa ƙage ne, a tura duk inda wancan ya je. Nan take na yi, sau biyu, don na farkon muryata ta yi rawa da yawa.

Kafin mu tafi aka ce matar marigayin tana kirana. Na shiga ina tsoro. Ƙaramar mace ce, ta dama fura ta ajiye gabana, ta zauna tana kallon ƙasa. Na fara ba ta haƙuri, ta tare ni.

"Shekara tara na yarda ajali ne, na kwantar da raina. Wata biyar na yarda kashe shi aka yi. Yau kin ce in koma inda nake." Ta ɗago ta dube ni. "Ke kina soke naki da jan abu ki sake. Ni da mi zan soke?"

Na sha furar saboda kada in ƙara mata wani ɓacin rai.

Ƙanen marigayin ya ce zai taka mana. Rana ta take, rairayin ya yi zafi, maigidana ya yi gaba yana tura moto. Mu biyu muna baya. Da muka zo daidai rijiyar da aka rufe da ƙaya sai ya tsaya. Na duba, maigidana ya yi nisa, garin ma ya yi nisa. Tsoron ranar Laraba ya dawo mini gaba ɗaya.

"Madam," ya ce, "ban yanke ta ba."

Na ce na sani.

"Ba ki sani ba. Ran nan da safe ina warware igiyar, na ji wuri ɗaya ta ci, ta yi laushi a hannuna. Sabuwar tana can rugar Fulani, mun ba su aro, tafiyar awa guda. Wana yana ta cewa mu yi sauri kafin rana ta yi. Na ce a raina yau ɗaya dai za ta kai. Ban faɗa masa ba." Ya dubi ƙayar. "Ban yanke ba, amma na gani. Ran da na ji wayar nan, na ɗauka Allah ne ya aiko ki."

Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba, kuma ba don zai taɓa ni ba. A littafi na san yadda ake yi da mai laifi da marar laifi. Wannan da ke tsaye gabana ban san inda zan ajiye shi ba.

"In faɗa musu?" ya tambaye ni.

"Ban sani ba, Malam."

Ya gyaɗa kai, ya yi mini addu'ar sauka lafiya, ya juya. Har muka iso Tasawa ban ce wa maigidana uffan ba, gwaggo ma ban faɗa mata ba.

Da ban rubuta wannan ba, don ba sirrina ba ne. Amma bayan girbin shekarar darakta ya kira ni a waya ya ce mutumin ya je da kansa gaban mai gari, ya sa aka kira matar wansa da ɗanta, ya faɗi abin da ya faɗa mini. Matar ta yi kwanaki ba ta fita ba, daga baya ta aika a ce masa ya kawo hatsin. Ɗan ya koma Agadas bai yi masa sallama ba, kuma har lokacin da darakta ya bar garin bai sake zuwa ba.

Na yi kusan shekara biyu ban rubuta komai ba. Karatu ma na koma littattafan tarihi da na noma, abin da ba kowa a cikinsa da zai mutu saboda ni. Da hannuna ya fara ƙaiƙayi na sayi sabon kaye, sai na ɗauki wata ɗabi'a: kafin in kashe mutum a takarda, sai in je tasha in zauna wajen masu kabu-kabu da direbobi, su da ke shiga kowane ƙauye, in tambaye su ko sun taɓa jin an yi irin wannan mutuwa a wani wuri. Na ɗauka hakan zai kare ni.

Labarin da nake kai yanzu, wani tsoho ne aka tarar da gawarsa a cikin rumbunsa bayan kwana biyu ana nema. Na daɗe ina juya shi, na tabbata daga kaina ya fito. A hutun da ya wuce na je tasha na faɗa musu. Ban kai ƙarshe ba wani mai amalanke daga Korgom, da ke zaune gefe yana cin rogo, ya ce ai an yi haka a wani gari kusa da nasu, har ya san ƴaƴan tsohon. Na tambaye shi su nawa ne. Ya ce uku, biyu maza ɗaya mace. A kayena huɗu ne. Na dawo gida na zauna da bik a hannu har aka kira la'asar, ina tunanin ko bambancin ɗa guda ya isa. Na mai da su shida, na mai da tsohon tsohuwa, na ɗauke garin na kai shi bakin wani kogi da babu shi a ƙasarmu. Ina babi na biyar.